Jirgin da Aka Harhaɗa a Kwamfuta Kafin a Yanka Ƙarfe

Duk mai waldar da ya taɓa haɗa ƙofa a Kafinsoli, ya kai ta gidan mai ita ta ƙi shiga, zai gane inda littafin Karl Sabbagh, "Twenty-First-Century Jet", ya dosa. Littafin ya fito a Amurka a 1996, yana ba da labarin ƙera Boeing 777, jirgin fasinja na farko da aka zana shi kaf a kwamfuta.

A da, takarda ake bi, a gina samfurin jirgin sukutum, sannan a tarar bututun mai da wayar lantarki suna rigimar wuri ɗaya. Wannan karon manhajar CATIA ta kamfanin Dassault na Faransa ce ta riƙa harhaɗa sassan a allo, duk inda biyu suka ci karo ta tona tun ba a yi asara ba. Injiniyoyin ba su sakankance ba, sai da suka gina samfurin hancin jirgin. Da ya zo cif-cif, suka fasa gina sauran.

Abin da ya fi burge ni shi ne Sabbagh bai mai da kwamfuta waliyyiya ba. Akwai masu ganin gwada injin Pratt & Whitney a sama ɓarnar kuɗi ce kawai, tunda lissafi ya ce lafiya lau. Aka dai ɗaura shi a jikin wani tsohon 747. Ana tashi ya yi tari, ya feso wuta. Haka fiffiken ma, da gangan aka yi ta lanƙwasa shi sama har ya karye a kashi 154 cikin ɗari na nauyin da aka tsara masa. Marubucin ya iya jan zaren labari. Kafin matuƙi John Cashman ya ɗaga jirgin ran 12 ga Yuni, 1994, mai karatu ya ƙagu.

Aibin Sabbagh guda: wanda aka buɗe wa ƙofa yakan ji nauyin mai gida, don haka ya ɗan sassauta wa Boeing.

Ɗalibanmu masu burin shiga Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Tsaigumi a 2018, ku nemi littafin nan ku karanta.