Darasin da ke farawa da sirinji biyu

Malamin da ya ƙware wajen koya wa ɗaliban harhaɗa magunguna kula da ciwon suga yakan shiga aji da sirinji biyu a aljihu, ɗaya na insulin mai ƙarfin 40, ɗaya na mai ƙarfin 100. Sai ya miƙa wa ɗalibi kwalbar mai 100 da sirinjin mai 40, ya ce ya zuƙa zuwa layin 20. Yaro ya zuƙa, ya ɗaga da fara'a. Sannan malam ya sa shi lissafi, ya gano abin da ke hannunsa 50 ne, ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. In aka yi wa tsoho wannan allura da dare, ana iya wayar gari a same shi a sume. Ɗalibin da ya riƙe kuskuren nan a hannunsa, har ya yi ritaya ba zai miƙa kwalba bai tambayi irin sirinjin da ke gida ba.

Ina jinjina wa irin wannan koyarwa saboda na san inda za ta ƙare. 'Ya'yan Zamfara da ke karatun magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ta Zariya, da ma'aikatan lafiyar da kwalejin Tsafe ke yayewa, gida za su dawo. Manomin Bungudu da aka gano ciwonsa a Asibitin Tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura, mai ba da magani ne na ƙarshe da zai yi magana da shi kafin ya nufi tasha.

Shi ya sa malam ke hawa kujerar majinyaci, ya zama dattijon da bai yi boko ba, ya ce a yi masa bayani da Hausa. Littafi ya ce a ajiye insulin a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. "To ɗana, mu ba mu da wuta," in ji malam. A nan ɗalibai kan yi tsit, domin zafin Afrilu a Gusau yakan haura digiri 40, insulin kuwa ba ya jure haka. Sai a shigo da tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin. A ɗaure kwalbar cikin leda, a ajiye tukunyar a inuwa mai iska, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa.

Metformin dai a sha shi tare da abinci don kada ya dami ciki, wannan ba ya cin lokaci. Inda ake daɗewa shi ne azumi. Dattijon malam zai ce shi kam sai ya yi, kuma ɗalibin da ya ce masa "ba ka iyawa" ya faɗi. Wanda ya ci shi ne mai sassauta murya: "Baba, a fara ganin likita kafin wata ya kama, a gyara lokutan maganin. Gwajin yatsa ba ya karya azumi. In suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko kuka ji rawar jiki da zufa mai sanyi, a sha ruwa nan take, a rama daga baya."

Kafin a tashi, malam yakan cire takalminsa ya miƙe ƙafa. Ciwon na kashe jijiyoyin ji, ƙaya ta soki mutum a gona bai sani ba har gyambo ya buɗe. Ɗalibi ya durƙusa, ya duba diddige, ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, wa ke duba muku tafin ƙafa a gida?"