Hannun da Ke Naɗa Rawani

A unguwarmu ta Agla, cikin Kwatano, akwai wani dattijo da ake yi wa layi a ƙofar gida tun asubar ranar Sallah. Naɗin rawani ne aikinsa, kuma duk lokacin da na samu dama nakan zauna gefen tabarmarsa in zuba wa hannuwansa ido.

Da dara yake farawa. Ya kifa ta a kan mutum, ya danna da tafin hannu har ta zauna daram, domin in hula ta goce rawani ba zai kai azahar ba. Sai ya ɗauko harsa ya kakkaɓe, ya tattaro ta da yatsu, ya zagayo da ita ta ƙarƙashin haɓa ya bar amawali. Daga nan naɗi ya soma: kowane zagaye yana hawa kan rabin na baya, babban yatsansa na bi yana daddannawa. Ba allura, ba zare. "Ranka ya daɗe, ɗan sunkuyo," in ji shi, ya soke bakin ƙyallen a wani lungu da shi kaɗai ya sani. Iskar teku ta Kwatano tana saurin sanyaya yadi, shi ya sa nasa naɗin ya fi na arewa ɗan tsauri. Ɗan kura kuwa, baƙin rawanin nan mai sheƙi da ake rinawa a buga a garin Kura ta Kano, in ya taɓa shi sai yatsunsa su wuni da shuni.

Abin da ya fi burge ni shi ne ilimin da ke bayan hannun. Wata Sallah wani saurayi ya ce a fitar masa da kunne biyu. Dattijon ya tsaya, ya ce, "Ɗana, gidanku sun gaji sarauta?" Yaron ya yi shiru, aka yi masa naɗin malamai, ya kuwa yi masa kyau. A Kano kunne biyu na Sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, kuma bakin mutane yana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Rumfan nan ne ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini, kuma shi Shehu Maghili ya rubuta wa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Mai naɗi dole ya san wannan tsani tun daga sama: Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, har jan rawanin dogari.

Masana sukan kwatanta tsarin nan da na Turai ta da. Can, bayan mutuwar Sarki Shalman a 814, daularsa ta rarrabu, mahara suka addabi ƙasa, sai masu ƙarfi suka riƙa ba barade gonaki da ƙauyuka a madadin su fito yaƙi, galibi kwana 40 a shekara. Barde zai durƙusa ya sa hannuwansa cikin na ubangidansa ya yi mubaya'a. Da Wiliyam ya ci Ingila a 1066, haka ya raba ta ga manyan mayaƙansa. A can ƙasan tsani kuma akwai manomi da aka ɗaure da gonar da aka haife shi a kanta.

Kama tana nan. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, hakimi a birni yake zaune kusa da Sarki, garuruwansa warwatse, jakadunsa ne ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa. Daga baya ne aka tura kowa ya tare a gundumarsa. Amma a ganina bambancin ya fi kamar nauyi. A Turai gandun barde ya rikiɗe ya zama gado. A wajenmu Sarki ke naɗawa, shi ke tuɓewa, a da har bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna iya fin wani ɗan sarki faɗa a ji. Harshen ma ya nuna haka: mukan ce an naɗa wane, in ta ɓaci mu ce an warware masa rawani. A da kuma talaka in hakimi ya matsa masa yakan yi ƙaura, fatake na bin hanyar goro zuwa Gwanja, kuma ta irin waɗannan tafiye-tafiye zangonni suka tsiro har bakin teku, kowanne da sarkinsa da rawaninsa.

Yanzu a kasuwa ana sayar da rawani naɗaɗɗe, a kifa kamar hula. Dattijon bai taɓa kushe shi a gabana ba. Jikansa dai yake zaunarwa da yamma, ya kifa dara a kan tulu, ya miƙa masa tsohuwar harsa. In yaron ya gama, sai ya taɓa gefen da ya saki ya ce, "Warware, sake daga haɓa."