Cocin Baƙi da Tarihin da Ba Ya Ganin Su

Duk wanda ya karanta abin da ake rubutawa a kan kayan tarihin Kano zai tarar da jeri guda: Dala, ganuwa, Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata. Jerin ba ƙarya ba ne, amma ya tsaya a bakin badala. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba da daɗewa ba aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Coci-cocin da suka gina, irin su Holy Trinity da St. Stephen's na ɗarikar Angalika, sun girmi gine-gine da yawa da muke alfahari da su a yau, duk da haka alƙalamin marubutanmu ba ya bi ta ƙofarsu. In Sabon Gari ya shigo labari, yawanci gidan giya ne, ko wurin da ɗan kirki ke zuwa ya lalace.

Ba baƙunci ne ya hana ba. Gidan Ɗan Hausa, wanda hukumar tarihi ta jiha ke kula da shi, gidan Hanns Vischer ne, Bature da ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan kafin ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. An adana gidan baƙon da ya zo da mulki, an manta da ginin baƙon da ya zo neman abinci.

A kudancin jihar kuwa, kalmar "baƙi" kanta ta gaza. Gaskiya ne haƙar kuza a Riruwai ta Doguwa da aikin madatsar Tiga a ƙasar Bebeji sun jawo ma'aikata daga nesa. To amma a ƙauyukan Kiru da Tudun Wada akwai Kiristocin da kakanninsu Maguzawa ne, Hausa suka tashi da ita, da ita suke waƙa da addu'a, tun da an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Marubucin da ya haɗa su da mazauna Sabon Gari a kwando ɗaya ya shafe tarihi biyu lokaci guda.

Cocin ƙauye na laka ne da kwano. Damina biyu ba yaɓe sun isa su kayar da shi, ko da rikici bai taɓa shi ba, kuma rikici ya sha taɓawa, kamar a Kano a 1982 da 1991. Masu ibada da kansu sukan rushe tsoho su ɗora na bulo, suna ganin ci gaba ne. Abin da ya fi ginin saurin salwanta shi ne littafin baftisma da na ɗaurin aure, masu ɗauke da sunaye da garuruwan asali da shekarun zuwa, waɗanda ke ajiye cikin akwatin fasto, gara na ci.