Ɗinkin Kayan Yara a Kano: Rigar Uba da Aka Rage wa Tsawo

Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi ya san irin ɗawainiyar da iyaye ke yi da kayan Sallar yara. Uba ya yanki shadda, uwa ta zaɓi atamfa ko leshi, wani gidan ma anko za a fitar. Amma kafin a sauko daga idi sai ka ga yaro yana jan wuyan riga yana kuka. Matsalar tun daga teburin yanka ta samo asali.

Yawancin telolinmu a kan kayan manya suka koyi sana'a. Idan aka kawo ɗinkin yaro, sai su ɗauko fasalin kaftanin uba su rage masa tsawo da faɗi, alhali ƙirar yaro daban take. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin 4 ne na tsawonsa, na babba kuwa kamar ɗaya cikin 8. Shi ya sa wuyan da aka yanka da lissafin manya yake maƙalewa a kunne, sai an yi kokawa kafin rigar ta shiga. Ɗan shekara biyu kuma ba shi da ƙugu, tumbi ne a gaba, ga kunzugu a ƙasa. Da zarar an matse masa wando an hana shi tsugunno, shi kuwa rabin wasansa a tsugune yake yi.

Sai batun yadi. Shadda irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya auduga ce mai kyau, amma ƙaurin nan da ke burge manya shi ke kartar wuyan yaro in ba a wanke ta ta yi laushi ba. Aikin wuya na kwamfuta yana barin tarin zare mai kaushi ta ciki, kuma tela mai lura ne kaɗai ke rufe shi da shafi mai taushi. Ƙaramar Sallar 2023 da ta 2024 duk a Afrilu suka faɗo, watan da zafin Kano ke haura digiri 40. Leshi mai roba a irin wannan rana ƙurajen zufa yake bari.

Kwalliya ma da nata haɗarin. Dutsen da aka manna da gam, ko maɓallin da bai ɗinku ba, a bakin yaro yake ƙarewa. A Tarayyar Turai ƙa'ida ta hana sa igiya a wuyan rigar yaron da bai kai shekara 7 ba, gudun shaƙewa.

Magabata sun fi mu fahimtar ɗinkin yara. 'Yar shara ba ta da hannu, iska na ratsa ta, yaro ya sa da kansa ya cire da kansa. Tsofaffin teloli kuma sukan bar kalmasa mai zurfi a ƙasan riga, baɗi a warware a ci gaba da sawa. Wannan dabara ta fi “a ɗinka masa da girma” da ke sa yaro tuntuɓe da rigarsa.

Kayan kanti na Sin da Turkiyya suna cin kasuwa ne saboda da awon shekarun yaro aka yanka su. Telan da ya ƙware a wannan awo ba zai rasa aiki ba. Ku kuma iyaye, kafin ku karɓi ɗinki, ku juya rigar ku goga cikinta a bayan hannunku. Abin da ya karce ku, yaro ba zai iya wuni da shi ba.