Daga Askiya Muhammadu zuwa ajin Takieta: wane malami ake shiryawa?

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar Nijar wadda yara ke soma karatu da harshen uwa. A birnin Damagaram aka kafa ta, a gindin makarantar horon malamai, kuma da Hausa aka fara. Kusancin nan yana da ma'ana: waɗanda suka shirya gwajin sun gane cewa ba a sauya harshen aji sai an sauya malamin da zai tsaya gabansa. Yau shekaru hamsin da ƴan kai, makarantar tana ɗauke da sunan Askiya Muhammadu, tana yaye malamai ana rarraba su ƙauyukan Mirya, Magarya, Kance da Takieta. Abin dubawa shi ne ko tsarin karatun da ake ba su ya riƙe wancan darasi na farko.

A takarda dai ba a rasa kome ba. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda malamai suka sani da LOSEN, ta ce a matakin farko harshen uwa ne harshen koyarwa, faransanci kuwa darasi ne da ake somawa tun shekarar farko. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. Shirin shekara goma na bunƙasa ilimi, daga 2003 zuwa 2013, ya ɗauki alkawarin sabunta tsarin karatu dungum. Daga nan ne aka bar koyarwa bisa manufofi, wadda aka gada tun ƙarshen shekarun 1980, aka rungumi koyarwa bisa yanayin rayuwa, wato APS, da taimakon masana daga Kebek ta ƙasar Kanada. A 2015 aka soma gwada sabon tsarin cikin harsunan ƙasa a makarantu 500.

Tunanin da ke ƙarƙashin APS ba abin rainawa ba ne. Yana cewa yaro ba ya koyon lissafi don ya haddace ƙa'ida, yana koyonsa ne don ya warware matsalar da ta taso masa a gida, a gona ko a kasuwa. Duk wanda ya ga yadda haddar da babu fahimta ta cinye ƙuruciyar yara da yawa zai yi marhabin da wannan. Laifin yana wurin da aka ɗinka rigar. A Yamai aka tsara, da faransanci aka yi tunani, da faransanci aka rubuta, sa'an nan aka nemi a fassara. Ɗalibi-malami yana shiga makarantar horo ta jarrabawar faransanci, yana sauraren ilimin tarbiyya da faransanci, yana rubuta takardar shirin darasi da faransanci. An ba harsunan ƙasa gurbi, gaskiya ne, amma gurbin baƙo ne a ɗakin mai gida.

A ɗauki misalin kasuwa, wanda masu tsarin ke ƙauna ƙwarai. Littafi ya ce uwa ta ba yarinya tamma 100 ta sayo gishiri. To, a kasuwar Takieta, a bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba wanda ke cewa haka. Dala ashirin ake cewa, domin dala tamma biyar ce, jaka kuwa dala ɗari biyu. Yarinyar da ke tallan ƙosai tana yin wannan lissafi a ka ba tare da kuskure ba, amma ranar da ta ga 100 a allo, malam ya ce mata ɗari ne, sai kanta ya ɗaure, don a wurinta dala ɗari kuɗi ne mai yawa. Nan ne ainihin yanayin rayuwar yake, kuma nan ne darasin ninkawa da biyar ke kwance yana jiran mai ɗauka. Malamin da aka horar ya cika gurabun takarda, ya rubuta «situation de départ» a inda ya dace, zai wuce ta kansa bai gani ba. Ba wauta ce ta hana shi ba. Shi ma da dala yake sayayya. Ba a taɓa nuna masa cewa abin da ya sani a kasuwa ilimi ne da ya cancanci shiga aji ba.

Haka abin yake, har ma ya fi tsanani, a fagen karatu. Jin Hausa daban, koyar da ita daban. Nijar tana da ƙa'idar rubutun Hausa da aka tabbatar a 1999, tana da aikin INDRAP tun shekarun 1970, tana da ƙamus irin na Abdu Mijinguini. Amma matashin da ya yi shekara goma ko sha uku a lakwal bai taɓa rubuta shafi guda da harshensa ba, ba zai bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, a kan allo don kawai ya sha su a nono ba. Sa'an nan ga gadar da ake tsallakawa zuwa faransanci, wadda ita ce mafi wuyar aikin duka. Harafin c da yaro ya koya a «ciki» ba shi ne na «café» ba. Harafin u na «kunu» faransanci da haruffa biyu yake rubuta shi, nasa u ɗin kuwa sauti ne da babu shi a bakin Bahaushe. Malamin da ya san waɗannan wurare zai tare kuskure tun bai auku ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka yaran ne ba su da kai. Tsarin horo da ya san inda ya dosa, wannan kwatanci na harsuna biyu zai sa a tsakiyarsa, ya ba shi sa'o'in da ake kashewa wajen haddace sunayen masanan tarbiyya.

Wajen aiwatarwa, gaggawa ta yi nata ɓarna. Tun daga 1998 aka shiga ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, har suka zama mafi rinjaye a makarantun firamare, da yawansu ba su taka makarantar horo ba. Wanda ya taka ɗin ma, a makarantun gari yake yin gwajin koyarwa, kusa da mai duba shi. Sai a tura shi wani ƙauye na Garagumsa, Tirmini ko Dakusa, inda ajin rumfa ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, inda zai iya haɗa aji biyu shi kaɗai. Tarukan CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su ƙaru da juna, su ne ya kamata su cike giɓin, in an samu kuɗin yin su a kan kari.

Saura awo. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu. A 2017 ma'aikatar ilimi, a zamanin minista Dauda Mamadu Marte, ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a faransanci da lissafi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 bisa 20. An sallami wasu, an mai da wasu horo. Jarrabawar ta tona abin da ya kamata a tona, amma mutane ta auna, ba ta auna tsarin da ya shirya su ba. Ta tambayi malami faransancinsa, ba ta tambaye shi ko zai iya koya wa ɗan shekara bakwai karanta sunansa da Hausa ba, alhali wannan ne aikin da dokar 1998 ta ɗora masa. Awon makarantar horo na gaskiya yana ajin wanda ta yaye, shekara biyu bayan fitarsa: a je a zauna a bayan aji, a saurari yara suna karatu, a komo da abin da aka ji a gyara tsarin.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa makarantun horo nauyi, musamman ta Damagaram, wadda ke da abin da sauran ba su da shi: tsofaffin malaman gwaji da ɗalibansu na farko, waɗanda wasunsu na nan da rai. Kwamitin da zai sake rubuta tsarin horon malamai bai kamata ya zauna ba tare da su ba, kuma daftarinsa na farko, a wannan karo, da Hausa ya dace a rubuta shi.