Darasin waƙa a makarantun firamare na Nijar: tsokaci ta fuskar ilimin harshe

A cikin jadawalin makarantar firamare ta ƙasarmu akwai gurbin da ake kira "chant" da Faransanci, wanda galibi ake haɗawa da "récitation". Duk wanda ya zauna bencin lakkol ya san matsayinsa. Shi ne darasin da ake jawowa in yara sun gaji, ko in mushe yana gyaran kaye, ko in ana jiran lokacin tashi. Ba mu da niyyar sake kukan da aka saba yi a kan rashin kayan kiɗa. Abin da ya dame mu a nan shi ne irin Hausar da ake rerawa a cikin wannan gurbi.

Tambayar ba ta taso ba a zamanin da waƙar aji duk ta Faransanci ce. Yaro yana haddace "Frère Jacques" ba tare da ya san ko wane ne ke barci ba, kuma taken ƙasa, na 1961 da wanda ya maye gurbinsa a 2023, duka da Faransanci aka tsara su. Amma tun daga makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, harsunan gida suka fara shiga aji. Dokar ilimi ta 1998 ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko, kuma kundin da aka fitar a 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa. Waƙar Hausa za ta ƙara yawa a aji ke nan. To, daga ina take fitowa?

Hanyar da ta fi sauƙi ga malami ita ce ya ɗauki muryar waƙar Faransanci da ya koya yana yaro, ya ɗora mata kalmomin Hausa a kan tsabta, ko ƙirga, ko ladabi. Niyyar tana da kyau. Sai dai harsunan biyu ba ginin ɗaya gare su ba. A Faransancin da ake koyarwa a lakkol, tsawon wasali ba ya bambanta ma'ana, shi ya sa waƙar yara takan ba kowace gaɓa bugu ɗaya ba tare da an yi asarar kome ba. Hausa kuwa tana da gaɓa iri biyu: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko take rufe da baƙi. Mai nauyi tana cin lokacin marasa nauyi biyu. "Gari" na zaman mutane da "gari" na tuwo karin sautinsu ɗaya, ƙasa sannan sama. Tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. In aka ja gaɓar farko ta garin mutane don ta cika bugun muryar waje, yara talatin ko sittin za su buɗe baki su rera cewa sun tafi garin tuwo. Su kansu suna jin abin, don sukan yi dariya. Da an maimaita sau goma sai dariyar ta mutu, su koyi cewa Hausar lakkol wata aba ce dabam da ta gida.

Wannan ba sabon bincike ba ne. Tun 1949 Greenberg ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Aikin Hayes da Schuh na 2019, a kan karin rajaz, ya bi yadda mawaƙa ke shimfiɗa wannan nauyi a kan rauji lokacin rerawa. Game da karin sauti, hukuncin ya fi sassauci. Mawaƙin Hausa yana iya saɓa ma karin kalma nan da can, mai saurare ya gane daga zancen ko "kuka" na ido ake nufi ko na itace. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne a daddage gajeren wasali.

A ganinmu, babbar asarar tana wajen koyon karatu. Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a 1999 ba ta nuna tsawon wasali ba, ba ta nuna karin sauti ba. Yaro ɗan CI yana ganin "ya zo" a allo, alhali bakinsa ya san "ya zo" uku: na labarin abin da ya faru, da na bayan "wanda", da na umurni. Littafi bai raba su ba. Wuri ɗaya tak a cikin makaranta inda za a iya sa yaro ya ji wannan bambanci da jikinsa, ya tafa shi da hannu, shi ne darasin waƙa. Kuma nan ne ake rushe shi.

Abin mamaki, kayan aikin suna nan a bakin ƙofar aji. Ƴan matan da ke zaune shiru a benci su ne da dare suke gaɗa a dandali, da jagora da ƴan amshi, da tafi wanda ba ya kuskure gaɓa. Akwai waƙoƙin tashe na watan azumi, da na daka, da na reno. Ba duka ne suka dace da aji ba, don gaɗa cike take da habaici da zancen kishiya, dole a yi zaɓe. Amma raujinsu na harshen ne, kuma malami na iya ɗora sababbin kalmomi a kansa in ya san ƙirga nauyi.

Za a ce mana uwaye ba su son a mai da ɗansu maroƙi. Wannan magana tana da tushe, don a ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma wasu suna ƙyamar sa saboda addini. Sai dai Bahaushe ya raba kiɗa da waƙa. Uban da zai hana ɗansa taɓa kalangu, shi ne ke jin daɗi in yaron ya dawo daga Islamiyya yana rera waƙar farillan alwala. Darasin da muke magana a kai murya da tafi sun ishe shi.

Saura horon malamai. Cibiyar CFPM Taya da ke Yamai, wadda aka kafa a 1989, ta tara kayan kiɗan gargajiya, ta horar da mawaƙa. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya yi aiki a can, da malamin makaranta ya fara. Amma abin da ɗalibin makarantar horon malamai ta Maraɗi ko ta Tawa yake bukata bai kai koyon gurumi ba. Ƴan awoyi kaɗan ne na rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, aikin da sashenmu ke yi da ɗaliban shekarar farko.

Akwai tarko ɗaya da ke jiran duk wanda zai tattara waɗannan waƙoƙi a littafi, mu ma a ciki. Hannun mai gyara yana saurin mai da kowane lafazi zuwa daidaitacciyar Hausa. A Adar da Gobir ana cewa "wanda yaz zo", "da yat tahi". Gaɓar "yaz" mai nauyi ce, "ya" ta Kano kuwa a wannan wuri marar nauyi ce. In aka goge baƙin nan ɗaya don a bi ƙa'ida, layin ya rage rabin bugu, tafin ƴan amshi ya faɗi a wofi. Don haka sai an fara ɗaukar waƙar a faifai daga bakin masu ita, a rubuta ta yadda aka rera, a kuma sa sunan yankin da ta fito a ƙarƙashinta.