Kakannin da Suka Fara Tura Jarumi Hanya

A 1949 wani Ba'amurke, Joseph Campbell, ya fitar da littafi yana nuna cewa jaruman labaran duniya kusan hanya ɗaya suke bi: a bar gida, a sha wuya, a samu mai taimako, a komo da abin da aka je nema. George Lucas ya ce wannan tunani ya taimaka masa wajen gina fim ɗin Star Wars na 1977.

Mu kam a bakin kaka muka fara jin wannan tafiya, bayan sallar isha, a kan tabarma. Ita ce, a tatsuniyarta, ta aiki 'yar Bora wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, tana sauya murya a kowane rafi, tana jan numfashi daidai inda zuciyarmu za ta tsinke. Ta yini tana daka da surfe, amma ba ta taɓa gajarta mana hanyar ba. Ba a biyanta ko anini, ba littafi a hannunta, sai ƙwaƙwalwa da haƙuri.

Ko Abubakar Imam, da ya tura Alhaji Imam neman ruwan magani a littafinsa na 1934, daga rijiyar waɗannan tsofaffi ya ɗebo sunan littafin, Ruwan Bagaja. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu cikinsu.